Ƙananan saƙonnin da ke share wa kansar hanji hanya zuwa hanta

Likitan fiɗa zai iya yanke ƙarin da ya tsiro a babban hanji, ya haɗa bakin hanjin ya ɗinke, majinyaci ya warke ya koma bakin harkarsa. Abin da ke hana likitan sakewa shi ne abin da idonsa bai gani ba ranar aikin. Shekara ɗaya ko biyu su wuce, a sake ɗaukar hoton ciki, sai ga ɗigo-ɗigo a jikin hanta. Ashe tun kafin wuƙa ta taɓa hanjin wasu ƙwayoyin kansar sun riga sun yi ƙaura. Alƙaluman Amurka sun nuna girman wannan bambanci ƙarara: idan aka gano kansar babban hanji tana nan inda ta fara, kusan mutum 9 cikin 10 na kai shekara 5 a raye, amma idan ta riga ta isa wata gaɓa mai nisa, waɗanda ke kai wannan tsawon ba su cika 2 cikin 10 ba.

Lamarin kuwa ba ƙarami ba ne. A 2022 an ƙiyasta sababbin masu kansar babban hanji da dubura kusan miliyan 1.9 a duniya, ta kuma kashe wajen mutum 900,000. Idan aka haɗa ta da ta tumbi, da ta bututun abinci, da ta hanta da ta fankiriyas (gaɓar da ke bayan tumbi), sun ɗauki kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk masu kamuwa da kansa, da wajen kashi ɗaya cikin uku na duk waɗanda take kashewa. Mafi yawan wannan mutuwa yaɗuwar ce ke kawo ta.

To me ke sa ƙwayar da aka gina don ta zauna wuri guda, kafaɗa da kafaɗa da maƙwabtanta a bangon hanji, ta tsinke igiyarta ta kama hanya? Amsoshin suna da yawa, amma ɗaya daga cikinsu ta ɓullo ne daga inda babu mai zato, wato daga cikin wata 'yar tsutsa da tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba. A 1993 Victor Ambros da abokan aikinsa Rosalind Lee da Rhonda Feinbaum suka gano cewa wani umarnin gado mai suna lin-4, wanda ke tsara lokutan girman tsutsar, ba ya samar da furotin ko kaɗan. Ɗan guntun zaren RNA kawai yake fitarwa, mai harafi kusan 22. A daidai lokacin Gary Ruvkun ya nuna yadda wannan guntu ke manne wa saƙon wani umarnin, lin-14, ya hana shi aiki. Shekara bakwai ana ɗaukar abin a matsayin wata baƙuwar ɗabi'a ta tsutsa. Sai a 2000 ɗakin binciken Ruvkun ya gano na biyu, let-7, aka kuma same shi a jikin ƙuda da kifi da ɗan Adam. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Yau an san mutum na da irin waɗannan guntaye fiye da 1,000, ana kiransu maikro-RNA, kuma a 2024 aka ba Ambros da Ruvkun kyautar Nobel a kan wannan aiki.

Yadda suke aiki yana da sauƙin faɗa. Kundin DNA na zaune a tsakiyar ƙwaya ba ya fita. Idan ana bukatar wani furotin, sai a kwafi umarninsa a kan zaren RNA mai ɗauke da saƙo, a aika shi wurin ƙira. Maikro-RNA shi ne mai tare ɗan aike a hanya. Bayan wasu sinadarai biyu, Drosha da Dicer, sun datse shi zuwa tsawonsa, sai ya hau kan wani furotin mai suna Argonaute, su shiga neman saƙon da haruffansa suka dace da nasa. Haruffa shida zuwa bakwai na kusa da farkonsa sun isa a yi wannan haɗuwa. Da zarar sun manne, ko dai a rage karanta saƙon ko a farfasa shi. Da yake gajeren jeri ne, maikro-RNA guda kan iya dacewa da ɗaruruwan saƙonni, an kuma ƙiyasta cewa fiye da rabin umarnin furotin na ɗan Adam na ƙarƙashin irin wannan sa-ido. Abin lura shi ne da wuya ya kashe fitila ɗungurungum. Lagwani yake ragewa, amma na fitilu da yawa a lokaci guda, har hasken ɗakin gaba ɗaya ya sauya. Duk wanda ya riƙe wannan zai fahimci sauran labarin, da nasarorinsa da tuntuɓensa.

Kansa ta shigo maganar a 2002, lokacin da George Calin da Carlo Croce suka ga maikro-RNA biyu, miR-15 da miR-16, sun ɓace a yawancin masu wani nau'in kansar jini. A 2003 masu bincike a Ostireliya suka ba da rahoton raguwar miR-143 da miR-145 a ƙarin babban hanji (zan dawo kan waɗannan biyun, domin akwai darasi mai ɗaci a cikinsu). A 2007 kuma Li Ma da Robert Weinberg suka nuna cewa miR-10b na iya tura ƙwayoyin kansar nono su kutsa su yaɗu a jikin ɓeraye. Daga nan tambaya ta koma kan yaɗuwa kanta.

Yaɗuwa aiki ne mai wuyar gaske ga ƙwayar kansa, kuma mutane ba su cika sanin haka ba. Sai ta rabu da maƙwabtanta, ta huda shimfiɗar da ke ƙarƙashinta, ta ratsa nama, ta shiga jijiyar jini ko hanyar kaluluwa, ta jure wa gudun jini da farautar garkuwar jiki, ta fita a wata gaɓa, ta rayu a baƙon wuri, sannan ta hayayyafa. A wani gwaji na 1998 an zuba ƙwayoyin kansar fata cikin jijiyar da ke shiga hantar ɓeraye. Mafi yawansu sun isa lafiya sun fita daga jijiya, amma waɗanda suka zama ƙarin da ido ke gani ba su wuce 2 cikin 10,000 ba. Kowane mataki na bukatar hali dabam, wani lokaci ma kishiyar halin da aka bukata a matakin baya. Ƙwayar da za ta yi nasara sai ta iya sauya kama ta kuma sake komawa, alhali sauyin da ke faruwa a cikin DNA ba ya warwaruwa. A nan ne mai rage lagwani ke da amfani, domin abin da aka rage yau ana iya ɗagawa gobe.

Babu inda wannan ya fito fili kamar a dangin miR-200, su biyar. Ƙwayoyin bangon hanji suna manne da juna ne da wani furotin mai suna E-cadherin, wanda yake kamar turɓaya tsakanin tubala. Muhimmancinsa ya bayyana a 1998, da Parry Guilford ya gano cewa gurɓacewar umarnin wannan furotin ce ke bin jinin wani dangin Mawori a Niyu Zilan tana haddasa musu kansar tumbi tun suna matasa. Akwai furotin biyu, ZEB1 da ZEB2, da aikinsu shi ne rufe umarnin E-cadherin. A 2008 ɗakunan bincike da dama, ciki har da na Gregory Goodall a Ostireliya da na Thomas Brabletz a Jamus, suka nuna cewa miR-200 na danne ZEB, shi ma ZEB na danne miR-200. Kokawa ce ta mutum biyu: duk wanda ya hau sama sai ya ƙara danne na ƙasa. Idan miR-200 ya rinjaya, ƙwaya na nan a mazauninta. Idan ZEB ya rinjaya, turɓayar ta zube, ƙwayar ta miƙe ta yi tsini, ta fara rarrafe.

Mai duba nama a ƙarƙashin madubin likita yana ganin sawun wannan kokawa da idonsa. Ya ɗora siririn yankan ƙarin hanji a kan gilashi, an rine shi da launi. A tsakiyar ƙarin zai ga ƙwayoyi a jere sun yi zobe-zobe, suna kwaikwayon tsarin hanji na asali ko da a karkace ne. Ya matsa gilashin a hankali zuwa gefe, inda ƙarin ke cin lafiyayyen nama. A can jerin ya watse. Sai ƙwaya ɗaya tilo, ko biyu, ko huɗu a dunƙule, sun ɓalle sun yi gaba kamar 'yan leƙen asiri. Likitoci na ƙirga waɗannan 'yan ɓalle-ɓalle a rahotonsu, domin yawansu alama ce ta haɗarin yaɗuwa. A wannan bakin iyaka ne ake samun miR-200 ya yi ƙasa, E-cadherin ya dusashe.

Wanda ya tsaya a nan zai ce magana ta ƙare: miR-200 mai tsaron gida ne, a ƙara shi kawai. Amma a 2013 tawagar Ajay Goel ta gwada ƙarin hanji da ƙarin da ya haifa a hanta, sai ta tarar miR-200c ya ɗaga a na hantar, ZEB1 ya sauka, E-cadherin ya dawo. Ƙwayar da ta zubar da turɓayarta don ta yi tafiya ta sake kwaɓa wata da ta isa masauki, saboda mai yawo ba ya gina gari. Ke nan abu guda ne ya hana fita a farko, ya kuma taimaka wa kafuwa a ƙarshe. Ni dai a ganina wannan shi ne mafi muhimmancin abin da fannin ya koyar, kuma shi ya sa nake ƙin jerin da ake yawan bugawa, wai ga maikro-RNA masu taimakon kansa a hagu, ga masu yaƙarta a dama. Sai an tambaya: a wace ƙwaya, a wane wuri, a wane lokaci?

Akwai wata kokawar mai kama da wannan tsakanin miR-34a da furotin SNAIL. Shi miR-34a yaron p53 ne, sanannen mai gadin nan da kan lalace a kusan rabin kansar ɗan Adam, don haka faɗuwar uban gida kan tafi da yaron. Tawagar Heiko Hermeking a Munik ta nuna a 2014 cewa sinadarin kumburi IL-6 ma na danne miR-34a a ƙwayoyin kansar hanji, shi kuma miR-34a ɗin ne ke rage kunnen da ƙwaya ke jin IL-6 da shi. Da ya faɗi sai kunnen ya ƙara buɗewa, kumburi ya ƙara samun shiga. Wannan ya ba da wani ɓangare na bayanin alaƙar daɗaɗɗen kumburin hanji da kansa mai zafin hali. Shi kuwa miR-21 kusan ko'ina aka duba a ƙarin tumbi, bututun abinci, fankiriyas da hanji a sama yake. Yana danne birki biyu, PDCD4 da PTEN, kuma wani bincike na 2008 a kan majinyata a Amurka da Hong Kong ya danganta yawansa da gajartar rayuwa.

Hanyar abinci ta bambanta da sauran gaɓoɓi da cewa cike take da baƙi, su ma suna sa hannu. An nuna cewa bakteriyar Fusobacterium nucleatum, wadda ake yawan samu a cikin ƙarin hanji, na ɗaga miR-21. Kusan kashi 9 cikin 100 na kansar tumbi kuma na ɗauke da bairos ɗin Epstein-Barr, wanda ke zuwa da nasa maikro-RNA ya zuba cikin ƙwayar da ya shiga.

Me ya sa hanta? Rabin amsar famfo ne: jinin da ya taso daga hanji da tumbi da fankiriyas duk ta babbar jijiya ɗaya yake bi ya fara zuba a hanta. Ɗaya rabin kuwa tun 1889 likitan Ingila Stephen Paget ya faɗe shi, cewa iri na watsuwa ko'ina amma ba ya tsiro sai a ƙasar da ta karɓe shi. Abin da Paget bai sani ba shi ne iri na iya aikawa a gyara masa gona tun bai iso ba. A 2007 tawagar Jan Lötvall a Suwidin ta gano cewa ƙwayoyi na sakin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙunshi, ekzozom, ɗauke da RNA da wata ƙwayar ke iya haɗiya. A 2018 masu bincike a Sin suka nuna cewa ƙwayoyin kansar hanji na cusa miR-25-3p cikin irin waɗannan ƙunshi, su kuma su shiga ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jijiyar jini su danne furotin biyu, KLF2 da KLF4. Sakamakon shi ne ɗinkin bangon jijiyar ya saki a hanta da huhun ɓeraye, yaɗuwa ta ƙaru. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma a nan ƙadangaren ne ya aika a tsaga masa bangon. Labarin yana da daɗin ji, shi ya sa ma yake bukatar taka-tsantsan. Wani ƙidaya da aka yi a 2014 ya nuna cewa ko maikro-RNA mafi yawa, idan aka raba shi kan adadin ekzozom, ba ya kai ƙwara ɗaya a kowane ƙunshi. Gwajin da aka ɗura wa ɓera ekzozom masu tarin yawa ta allura bai tabbatar da cewa haka abin ke gudana a jikin mutum da wannan ƙarfin ba.

Aikin da ya fi burge ni a duk fannin shi ne na ɗakin binciken Sohail Tavazoie a Jami'ar Rockefeller, wanda ya fito a 2015. Ba su fara da zato ba. Sun cusa ɗaruruwan maikro-RNA daban-daban cikin ƙwayoyin kansar hanji, suka zuba su a jikin ɓeraye, suka bar hantar ta yi tankaɗe: waɗanne ne suka hana ƙwaya kafuwa? Biyu suka fito, miR-483 da miR-551a. Da suka bi sawunsu sai suka ga dukansu abu ɗaya suke dannewa, wani sinadari mai suna CKB. Ga abin da ke faruwa. Ƙwayar da ta iso hanta ta iso ne cikin jinin da hanji ya riga ya tsotse iskar oksijin ɗinsa, babu jijiyar da ke ciyar da ita tukuna, makamashinta na ƙarewa. Mafi yawansu a nan suke mutuwa. Wadda ta rage waɗancan maikro-RNA biyu kuwa tana da CKB da yawa, sai ta fesa shi waje. Hanta dama ita ce masana'antar sinadarin kiriyatin a jiki. CKB ya ɗauki kiriyatin ɗin da ke kewaye, ya ɗora masa makamashin da ke yawo a wajen ƙwaya, sannan ƙwayar ta jawo shi ciki ta wata ƙofa mai suna SLC6A8 ta ci. Baƙuwa ce ta shigo da yunwa ta buɗe rumbun mai gida. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi muhimmanci: maimakon a mai da maikro-RNA ɗin magani, sai aka nemi ƙaramin sinadarin da zai toshe ƙofar SLC6A8. Wannan magani, RGX-202, ya kai matakin gwaji a kan masu kansar hanji da ta yaɗu. Maikro-RNA ya yi aikin ɗan jagora, ya nuna inda rauni yake.

Yanzu in cika alƙawarin miR-143 da miR-145. Shekara goma ana buga takardu cewa ƙwayar hanji na rasa su idan ta zama kansa, ana cusa su cikin ƙwayoyin da ake raino a kwalba a ɗakin bincike ana ganin girma ya ragu. A 2014 tawagar Joshua Mendell ta duba da kyau ta tarar ƙwayoyin saman bangon hanji, waɗanda kansa ke fitowa daga cikinsu, dama can ba su ke yin waɗannan guntaye ba. Ƙwayoyin tsoka da na naman da ke ƙasa ne ke yin su. Idan ka niƙa lafiyayyen hanji akwai tsoka da yawa a ciki, idan ka niƙa ƙari babu ita sosai, sai awo ya nuna "raguwa". Wannan abu na sosa mini rai, domin shekaru ne da kuɗi da ƙwazon matasan masu bincike suka tafi, majinyata kuma na jira. Kuma har gobe ana fitar da takardu masu siffa ɗaya: an ga guntu kaza ya hau, an ƙara shi ninki ɗari cikin ƙwayoyin kwalba, ƙwayoyin sun rarrafa, an kammala cewa shi ne mai laifi. Abin da ke dacewa da ɗaruruwan saƙonni, idan ka cika ƙwaya da shi, dole wani abu ya motsa.

Gwajin mai da shi magani kai tsaye ya zo da nasa ciwon. A 2013 aka fara ba mutane MRX34, kwafin miR-34a da aka naɗe cikin ƙunshin kitse, ciki har da masu kansar hanta da waɗanda kansa ta yaɗu zuwa hantarsu. An ga ƙari ya ja baya a jikin 'yan kaɗan. Amma a 2016 aka dakatar da gwajin saboda garkuwar jiki ta tayar da mummunar tarzoma a jikin wasu, mutum huɗu suka rasu. Har yanzu babu wani maganin kansa da aka amince da shi wanda maikro-RNA ne ko mai toshe shi. Matsalolin su ne waɗanda aka gani tun farko: kai shi ga ƙwayar da ake nufi kaɗai, yawan saƙonnin da yake taɓawa, da kuma tsoron cewa abin da ya hana ƙwaya fita daga hanji zai iya taimaka wa wadda ta riga ta isa hanta.

Inda fata ta fi kusa shi ne gwajin jini. Tun 2008 aka san maikro-RNA na jure zama cikin jini ba ya saurin lalacewa, a 2019 kuma Singafo ta amince da GASTROClear, gwajin da ke auna guda 12 don tace waɗanda ya kamata a leƙa tumbinsu da kyamara. Sai dai ko a nan akwai tarko: jajayen ƙwayoyin jini cike suke da miR-451 da miR-16, ɗan fashewarsu wajen ɗibar jini ya isa ya gurɓata sakamako. Gano kansa kuma dabam, sanin wadda za ta yaɗu dabam.

Wannan na biyun shi ne abin da likitan da muka fara da shi ke nema. Majinyacinsa na mataki na 2: ƙarin ya shiga bangon hanji sosai amma kaluluwa tsaf take. Yawancin irinsu fiɗa kaɗai ta wadatar, wasu tsiraru kuwa ciwon zai dawo. A ba kowa kimo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, da wahalarsa, ko a bar kowa? A 2013 masu bincike a Sin suka fitar da ma'aunin maikro-RNA shida da ya raba irin waɗannan majinyata gida biyu, masu babban haɗari da masu ƙarami, daga naman da aka riga aka yanke. Amma wani ma'aunin ya riga shi tsallake babban shinge. A gwajin DYNAMIC na Ostireliya, wanda aka buga a 2022, an raba majinyata 455 ta hanyar ƙuri'a, aka bar ɓurɓushin DNA na kansa da ke yawo cikin jini ya yanke hukunci a rukuni ɗaya. Waɗanda suka sha kimo sun sauka daga kashi 28 zuwa 15 cikin 100, ciwon kuma bai ƙara dawowa ba a cikin shekara biyu. Irin wannan gwaji nake so in ga an yi wa miR-200c da miR-21 da sauransu, a jinin mutane na gaske, da ƙuri'a, a bi su shekaru, kafin a ce wa wani majinyaci ya je gida hantarsa lafiya lau.